Akurkin Minti Biyu

Mu masu aikin kwamfuta muna da wata cuta da har yau ba a samo maganinta ba. Ka tambayi ɗayanmu yaushe zai gama aiki, kafin ƙwaƙwalwarsa ta yi tunani bakinsa ya riga ya ce, "Minti biyu." Dukanmu muna fama da ita, amma akwai wani ɗan'uwanmu da tasa ta yi tsanani har ta cinye sunansa na gaskiya. A layinsu babu wanda ya san shi da wani suna sai Minti Biyu. A gaban idonsa dai, don a zauna lafiya, Injiniya ake ce masa.

Wata takwas ke nan da kamfanin da yake wa aiki ya rage ma'aikata, ragin kuma ya haɗa da shi. Shi bai taɓa cewa an sallame shi ba, cewa yake yi yana hutawa ne kafin ya zaɓi tayin da ya dace da matsayinsa. Kullum da safe matarsa za ta sa fararen kayanta ta tafi asibitin da take aikin jinya, shi kuma ya rataya jakar kwamfuta ya nufi shagon wanki da guga na surukarsa, ya zauna a kujerar kwastomomi yana raba shawarar da ba wanda ya roƙa.

Surukar tasa, wadda duk layin ke kira Mama, shekararta ashirin da biyu a wannan shago. Tana da makullai goma sha ɗaya a zobe guda, rataye a ƙugunta, tun daga nesa za ka ji tafiyarta. Tsarinta ɗaya ne: kowa makullin aikinsa kawai. Mai wanki yana da na ɗakin injina. Baba Mai Guga, dattijon da suka buɗe shagon tare, yana da na ɗakin guga da na ƙofar baya. Shi kuwa Minti Biyu, shekara huɗu da auren 'yarta, ko makullin banɗaki sai ya roƙa, in ya fito kuma ya mayar. Abin nan yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai ga labari cewa 'yar autar Mama ta haihu a wani gari, Mama za ta tafi ranar Lahadi ta yi wata guda. Tambaya ɗaya ta tsaya wa Minti Biyu a maƙogwaro: wa za a bar wa zoben makullan?

"Baba za ta ba," in ji matarsa, tana ɗaura agogo.

"Baba? Mutumin da in zai kashe waya sai ya nemi inda batir yake?"

"Shi Baba bai taɓa ɓatar da ko maɓallin riga ba."

"Ni na ɓatar?"

"Ina lemata?"

"Wannan wata magana ce daban. Ki saurara, kafin Lahadi, da hannunta Mama za ta miƙo mini zoben nan. Zan yi mata abin da babu shagon wanki a duniya da yake da shi."

"Yaushe za ka gama?"

Ya buɗe baki. Ta riga shi: "Na sani."

Ran Litinin ya tara su a gaban kanta: Mama, Baba Mai Guga, da Mai Aski na shagon da ke jikin nasu, wanda ba a gayyata ba amma bai taɓa barin abin kallo ya wuce shi ba. Ya ce zamanin rubuta tikiti da biro a maƙala wa riga da allura ya wuce. Ya rubuta manhaja wadda za ta karɓi sunan kwastoma, ta buga tikiti da lamba da ranar karɓa, idan kaya sun kammala kuma ta kira mai su a sifika, ta karanto bayaninsa, kamar wanda ba ya son sitati ko wanda turaren sabulu ke sa wa atishawa.

"Kuma sau ɗaya na rubuta ta," ya ɗaga yatsa, "amma tana aiki ko'ina. Tsohuwar kwamfutar da ke kan kanta, kwamfutar hannu ta ɗakin guga, wayata, duk abu guda. In ɗaya ta mutu, ɗaya ta ɗora daga inda aka tsaya. Kai, Mai Aski, ko a talabijin ɗinka na sa ta, za ta tashi."

"Ƙarya kake," in ji Mai Aski.

"Minti biyu."

Bayan awa ɗaya da rabi ta tashi a talabijin ɗin Mai Aski, wanda yake da manyan sifiku biyu a bakin ƙofa saboda masu kallon ƙwallo. Mai Aski ya ce to, wannan karon ya yarda, amma ya yi asarar kai uku.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni tambayata ɗaya. Abin nan da za ka saka mini a kwamfuta, me zai hana shi shiga inda ban aike shi ba?"

Nan fa aka zo inda Minti Biyu yake so. Ya gyara tsayuwa.

"Mama, kin san kwamfuta kamar gida ce. Akwai babbar manhaja da ke riƙe da gidan, ita ke da agogo, da ɗakunan ajiya, da firinta, da sifika, da ƙofar fita intanet. Manhajojin zamanin da, in sun shigo, yawo suke yi ɗaki-ɗaki kamar baƙon da bai da kunya. Tawa kuwa a akurki take. Ba ta ganin komai, ba ta taɓa komai. In tana son wani abu sai ta leƙo ta ce, don Allah a ba ni kaza. Ni kuma ina da takardar izini guda ɗaya da ke aiki a kan duka na'urorin. Abin da na rubuta a ciki shi kaɗai za a miƙa mata."

Mama ta ajiye biron hannunta. "Wato ba ta da makullin komai sai wanda aikinta yake buƙata?"

"Ko ƙarfe nawa ne ba ta isa ta sani ba sai na ce."

"To wannan abu ya samu tarbiyya," in ji Mama. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa jin ta yabi wani abu nasa haka ba. Daɗi ya kama shi har kunnuwansa suka yi zafi, ya ga kamar zoben makullan ya ɗan matso kusa da shi.

Kwastoman farko da aka gwada da shi Lauya ne, wani dogon mutum mai ofis a saman kemis, ya kawo baƙar kwat. Minti Biyu ya shigar da sunansa, ya danna, ya harɗe hannu. Firinta ta yi shiru. Ya sake dannawa. Shiru.

"Ko ta yi barci?" in ji Baba.

"Ba barci ba ne, Baba, tsaro ne. Ban ba ta izinin firinta ba, shi ya sa. Ka ga amfanin abin ke nan."

"Au, amfaninsa shi ne kada ya yi aiki?"

Ya rubuta izinin firinta. Tikiti ya fito fes. Lauya ya sa tabarau ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Injiniya, an ce in zo in karɓi kwat ɗina ranar ɗaya ga Janairu, shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in."

Duk wanda ya taɓa aikinmu ya san wannan rana. Ita ce ranar da kwamfuta ke fara ƙirga lokaci daga gare ta, in ka hana ta agogo can take komawa ta zauna. Minti Biyu ya sani sarai, mantuwa ce ya yi.

"Lokacin ba a haife ni ba," in ji Lauya. "A doka, wannan na nufin kun riƙe mini kaya fiye da shekara hamsin."

"Ai ka ga saurin aiki," in ji Mai Aski. "Kafin ka kawo an wanke."

Ran Talata ya ba manhajar agogo. Kwanan wata ya daidaita, ya zauna yana karkaɗa ƙafa, kwastomomi na shigowa tikiti na fita. Sai da yamma Baba ya fito daga ɗakin guga da tarin kaya a hannu, fuskarsa kamar wanda aka aiko da mugun labari.

"Injiniya, wane ne lamba ɗaya?"

"Wanda ya fara zuwa mana."

"To mutum sha tara ne suka fara zuwa."

Ashe ya ba ta izinin karanta ajiya, bai ba ta izinin rubutawa ba. Duk tikitin da ta buga sai ta nemi ta ajiye lambar da ta kai, a hana ta, ta manta, ta sake farawa daga ɗaya. Kowa a shagon ya zama na ɗaya. Lauya ya zo ya karɓi leda ya tafi, bayan rabin awa ya dawo da labule huɗu masu furanni. Shugabar makarantar firamare ta ƙarshen layi, mai labulen, ta iso riƙe da baƙar kwat da yatsu biyu.

"Waye ya yi wannan aikin?" ta tambaya, da muryar da take tsayar da yara ɗari uku a fili.

Kowa ya kalli Minti Biyu.

"Malama, ƙaramar matsala ce ta izini."

"Miƙe tsaye in kana mini magana."

Ya miƙe. Sai da ya miƙe ya tuna shekararsa talatin da shida.

Mama ta fito da biro da allurai, ita da Baba suka zauna suna tantance kaya da ido, don ita ta san rigar kowa kamar yadda ta san fuskarsa. Da za a tashi ta ce, "Ɗan nan, Asabar shago ke cika. In abin naka ya yi aiki ran Asabar, mu yi magana. In bai yi ba, a mayar da shi akurkinsa a rufe."

Laraba da Alhamis ya duƙufa. Matarsa ta taimaka masa, ta kwafe sunayen kwastomomi ɗari biyu da 'yan kai daga littafin Mama, da bayanin kowa, ta ajiye a folda guda. Shi kuma, bisa al'adarmu, duk gyaran da ya yi sai ya kwafi foldar ya sa mata sabon suna. Akwai "sabo", akwai "sabo na biyu", akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe na gaskiya", akwai "wannan ne wallahi". Kafin Juma'a sun kai tara.

A nan dole in tona wani asiri na sana'armu. Duk mai rubuta manhaja yana buƙatar sunayen ƙarya da zai yi gwaji da su. Mutanen kirki sukan rubuta mutum na ɗaya, mutum na biyu. Sauranmu kuwa, Allah ya yafe mana, a nan muke huce haushi. Minti Biyu yana da irin wannan fayil, sunansa ɗaya da na gaskiyar, "kwastomomi", ya ɓoye shi a foldarsa ta kansa a cikin kwamfutar kanta. Wata takwas yana zaune a kujerar nan yana kallon mutane, duk abin da ya gani bai iya faɗa ba yana ciki. Hankalinsa kwance yake, don manhajar ba ta da makullin wannan ɗaki. Ran Juma'a da rana ya roƙi makullin banɗaki, Mama ta miƙa masa ta ce, "A dawo da shi." Yana dawowa ya buɗe fayil ɗin ya ƙara layi biyu, ya ji sanyi a ransa.

Asabar da hantsi shago ya cika maƙil. Lauya yana nan, Shugabar makaranta tana nan, mai kemis ta bar shagonta ta leƙo, Mai Aski ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa da almakashi a aljihu. Matar Minti Biyu ba ta da aiki ran nan, ta zo ta tsaya kusa da uwarta. Shi kuwa ya sa rigar da ya yi intabiyu da ita, Baba ya goge masa ita har tana ɗaukar ido.

Ya yi jawabi na minti ashirin a kan tsaro. Ya ce babban kuskuren da jahilan masu kwamfuta ke yi shi ne su ba manhaja izinin komai don lalaci. Ya ce shi ko da wuƙa a wuya ba zai yi haka ba. Ya ce amana ba a ba da ita a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya ake bayarwa. Mama ta gyaɗa kai. Ya ga ta gyaɗa, ya maimaita.

Sannan ya danna.

Allon ya rubuto: ban ga kwastomomi ba.

Ya yi murmushi, ya canja izinin daga "na ƙarshe" zuwa "na ƙarshe na gaskiya". Ban ga kwastomomi ba. Ya gwada "wannan ne wallahi". Ban ga kwastomomi ba. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin rigar intabiyu. A cikin folda taran nan ɗaya ce ke da aikin matarsa, sauran ya share abin cikinsu jiya da sunan gyara, kuma ko za a kashe shi bai tuna wacce ba ce.

"Minti nawa?" in ji Mai Aski.

"Biyu," in ji jama'a baki ɗaya.

Lauya ya duba agogo. Shugabar makaranta ta harɗe hannu. Mama ta sa hannu a ƙugu, makullan suka yi ƙara, ta juya za ta ɗauko biro. Wannan ƙarar ce ta ƙarasa shi.

A takardar izini akwai wata 'yar alama, tauraro, wadda ma'anarta ita ce komai. Ka rubuta ta, akurki ya buɗe, duk ɗakunan gidan su zama nata. Dukanmu mun san ba a yi. Dukanmu kuma mun taɓa yi, da niyyar za mu gyara daga baya. Minti Biyu ya karkata jikinsa ya tare allon, ya goge layukan da ya kwana biyu yana tsarawa, ya buga tauraro ɗaya. Ya ce a ransa, ta nemo da kanta, in an watse na mayar.

Ta nemo kuwa. Ta zaga kwamfutar kaf cikin ƙiftawar ido, ta samu fayil biyu masu suna "kwastomomi", ta ɗauki wanda aka fi taɓawa kwanan nan, kamar yadda shi da kansa ya koya mata. Allon ya yi kore.

"Kun gani?" ya buɗe hannuwa. "Jama'a, ku saurari zamani."

Sifikar kanta ta yi gyaran murya. Wata muryar mace ce, mai sanyi da ladabi, wadda ya ɓata yini guda yana zaɓa.

"Mai Aski. Tawul shida. Bayani: yana sayar da maganin tsirar gashi, shi kuma sanƙo ne tun daga goshi har ƙeya. Shi ya sa ba ya cire hula."

Hannun Mai Aski ya tafi kan hularsa da kansa. Mai kemis ce ta fara fashewa, sauran suka bi.

"Kuskuren na'ura ne!" in ji Minti Biyu, yana danne-danne. "Wani lokaci takan ƙirƙiri magana."

"Lauya," in ji muryar. "Kwat ɗaya. Bayani: ya ce yana da kwat bakwai. Ita ɗin ce dai shekara biyar. A zazzage aljihun ciki, ɓawon gyaɗa ne."

"Wannan ɓata suna ne a gaban shaidu!" in ji Lauya.

"Gyaɗar dai gaskiya ce," in ji Baba.

Minti Biyu ya nutsa ƙarƙashin kanta ya fizge wayar wuta. Kwamfuta ta mutu. Ya ɗago yana haki, da yanar gizo-gizo a gashinsa. Bai gama cewa "shi ke nan" ba, sai muryar ta taso daga ɗakin guga, daga kwamfutar hannu, cikin natsuwarta.

"Shugabar makaranta. Labule huɗu. Bayani: kowa ɗan aji ɗaya ne a wurinta. A gaishe ta da sauri kafin ta ba da aikin gida."

"In ɗaya ta mutu ɗaya ta ɗora," in ji matarsa a hankali, ta rufe fuska da gyale. "Shi ya faɗa."

Ya ruga ɗakin guga, ya ci karo da kwandon zannuwan gado, ya faɗi, ya tashi da zani a kafaɗa, ya danne maɓallin kwamfutar hannu har ta ɗauke. Ya fito. Shugabar makaranta ta tare ƙofa.

"Zo nan."

Kafin ya je, aljihun wandonsa ya yi magana.

"Baba Mai Guga. Bayani: yana gyangyaɗi a tsaye da dutsen guga a hannu. Shi ya ƙona wandon Lauya bara, ya ce ɓera ne."

Lauya ya juya a hankali ya fuskanci Baba. "Ɓera?"

"Ɓeran ya fara," in ji Baba, "ni na ƙarasa." Sannan ya daka wa Minti Biyu tsawa: "Cire batir ɗin mana!"

"Ba a cire wa irin wannan batir, Baba!"

"To ina amfanin karatun naka?"

Wayar ta zame daga hannunsa mai gumi, ya cafe, ta sake zamewa, ya durƙusa a kanta kamar mai kama kaza, da ƙyar ya kashe ta. Ya zauna a ƙasa, zani a kafaɗa, yana lissafi: kwamfutar kanta, ta hannu, waya. Uku. Ya sauke ajiyar zuciya.

Sai manyan sifikun Mai Aski suka yi tari a bakin titi.

"Mama Mai Makullai," in ji muryar, yanzu da ƙarfin da ake jin ta har tashar mota. Masu wucewa suka tsaya. Mai facin taya ya ajiye guduma.

"Mai Aski, don Allah!" Minti Biyu ya yi ihu. "Rimot! Kashe!"

Mai Aski ya zaro rimot daga aljihu, ya dube shi, ya mayar. "Nawa kowa ya ji, Injiniya. A yi adalci."

"Bayani: ba ta yarda da kowa ba. Ko inuwarta ce ta zo karɓar kaya sai ta nuna tikiti. Makullin banɗaki ma kamar na banki."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa ko a silin. Mama tana tsaye a bayan kanta, fuskarta ba ta nuna komai ba. Minti Biyu ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ya so ƙasa ta tsage ya shige da zanin gadon gaba ɗaya. Kuma ya san saura layi ɗaya, don shi ya rubuta shi jiya, bayan na Mama.

"Minti Biyu," in ji muryar. "Riga ɗaya ta intabiyu. Bayani: korarsa aka yi, ba hutu yake ba. Wata takwas matarsa ke riƙe da gida, shi yana riƙe da surutu. Yana so a ba shi makulli ko da guda ɗaya ne, don ya ji shi ma mutum ne a gidan nan. Kada a sa sitati, ya riga ya sanƙare."

Sannan ta ƙara da ladabi, "An gama kiran kwastomomi. Mun gode."

Mai Aski ya kashe talabijin ɗinsa da kansa. Ya dawo yana sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. "Kai, ashe kai ma ba ka bar kanka ba."

"Nasa ya fi na kowa tsawo," in ji Lauya. "Na janye ƙara. Amma maganar wando tana nan, Baba."

Shugabar makaranta ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Aƙalla rubutun babu kuskure." Ta karɓi labulenta ta fita. Mama ta ɗauki biro da allurai ta sallami sauran ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi shekara ashirin da biyu. Matarsa ta zo ta cire masa zanin daga kafaɗa, ta ninke, ta kakkaɓe masa yanar da ke kansa.

Da shago ya rage daga su sai su, Mama ta ce, "Tashi, ɗan nan."

Ya tashi, kansa a ƙasa. "Mama, ki yi haƙuri. Ni ne na..."

"Me ka yi wa akurkin?"

"Buɗe shi na yi."

"Duka?"

"Duka."

"Saboda me?"

"Na ga kin ɗauki biro."

Mama ta kwance zoben daga ƙugunta. Ƙarar makullan ta cika shagon. Ta miƙa wa Baba Mai Guga, ta ce, "Gobe da safe zan tafi. In za ka yi gyangyaɗi, ka ajiye dutsen tukuna." Minti Biyu ya bi zoben da ido har ya shige aljihun Baba.

Sai Mama ta ce, "Baba, ba ni ƙaramin nan."

Baba ya zare wani ɗan makulli, bai kai tsawon yatsa ba. Mama ta ɗora shi a tafin hannun surukinta.

"Na kabad ɗin sabulu ne. Jawabinka na ɗazu ya yi kyau, ni dai na ɗauka, ko da kai ba ka ɗauka ba. Amana ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe ka buɗe, ka duba, ka gaya wa Baba abin da ya ƙare. Izinin dubawa na ba ka, ban ba ka na taɓawa ba. In na dawo na tarar sabulu bai yi wa kowa magana a sifika ba, sai mu duba na biyu."

Matarsa ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Abin naka kuma," in ji Mama, "kiran suna da yake yi ba laifi, muryar tana da daɗi. In za a mayar da shi akurki, a ba shi sunayen gaskiya kawai, a rufe sauran ƙofofin yadda ya kamata, kwana nawa zai ɗauka?"

Bakin Minti Biyu ya buɗe da kansa. Baba ya zuba masa ido. Mai Aski ya leƙo da kai ta taga, ya ɗaga yatsu biyu yana jira. Minti Biyu ya dunƙule ɗan makullin a hannunsa har ya ji haƙoransa a tafinsa, ya haɗiye abin da ya taso masa.

"Sati uku, Mama. Wataƙila huɗu."

Mama ta mayar da biro cikin aljihun tebur.

"Yau ka fara magana," ta ce.